Zuwa biki Kano da ragowar ciwon kaska a jiki

Kaskar da muka sani a gida babba ce, ana ganinta. Ita ce ke liƙewa a kunnen kare ko a hantsar saniya ta sha jini ta yi suntum, yaro ma sai ya sa hannu ya cire. Ta nan arewa maso gabashin Amurka ba haka take ba. Ƙaramarta, wadda tafi cizon mutane daga watan Mayu zuwa Yuli, bata kai ƙwayar riɗi ba, cizon kuma babu zafi babu ƙaiƙayi, sai ta kwana biyu a bayan gwiwarki ko cikin gashin kanki baki da labari. Ita ke ɗauke da cutar Laim. Sunan wani ƙaramin gari ne a jihar Konetikat inda a 1975 aka lura yara da yawa gaɓoɓinsu na kumbura ba a san dalili ba, sai a farkon shekarun 1980 wani masani Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar cutar a cikin kaska. Yanzu hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na ƙiyasin kusan mutum 476,000 ake yiwa maganinta duk shekara a ƙasar nan, ba ƙaramin abu bane.

Ni a Masacusets nake zaune, kuma ban taɓa ganin kaskar da ta cije ni ba. Alamar da ake ta nunawa a hoto, jan da'ira mai faɗaɗa a fata, a jikin farar fata ake ɗaukarta. A fatarmu ba ja take fitowa ba, duhu-duhu ne kamar ka buge da wani abu, shi yasa baƙaƙen fata da yawa sai ciwon ya yi nisa ake gane shi. Nawa sai da gwiwa ta kumbura ta cika da ruwa. Na sha doksisaikilin na kwana 28 kamar yadda ake ba wanda ya kai ga gaɓa, kumburi ya sauka alhamdulillahi, amma gajiya tace tana nan. Gajiyar da barci baya maganinta, ga ciwon jiki mai yawo yau kafaɗa gobe ƙugu, ga mantuwa, sai in buɗe firij in tsaya ina kallonsa. Likitoci sunce wajen mutum 5 zuwa 10 cikin ɗari na samun haka bayan an gama magani, wasu watanni, wasu fiye. Akwai rigima babba a nan kan ko a ci gaba da ɗura wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta na wata da watanni, har da na jijiya, kuma gwaje-gwajen da aka yi basu nuna yana ƙara sauƙi mai ɗorewa ba, sai ma haɗarin da ke tattare da shi. Ni dai ban bi wannan hanyar ba. Sauƙi na zuwa, amma a hankali yake zuwa, kuma ana cikin haka aka sa ranar autarmu a watan Disamba.

Toh bikin auta ba a aiko da uzuri. Sai shiri.

Na fara da asibitin matafiya, ana so a je sati 4 zuwa 6 kafin tashi. Maganar farko maleriya ce, kuma dan Allah 'yan uwana mazauna waje a daina cewa “ai mu jininmu ya saba.” Wannan sabon da jiki ke yi da maleriya yana zubewa in mutum ya daɗe baya gida, kuma masu zuwa ganin dangi su suka fi dawowa da ita nan saboda basa shan rigakafi. Lafiyayye ma tana kada shi balle mai lallaɓa jiki. Abin dariya doksin da na sha na Laim shi ma yana cikin magungunan rigakafin maleriya, amma sai an ci gaba da shansa sati 4 bayan an dawo, yana sa rana ta ƙona fata da wuri, kuma baya shiri da madara, wato a ce in je Kano in riƙa lissafin awa tsakanina da fura da nono. Cikina ma bai manta da shi ba. Likita ta bani Malarone, ana farawa kwana 1 ko 2 kafin a shiga, kullum ɗaya tare da abinci, a ƙara kwana 7 bayan an fito. Ya fi tsada, gaskiya ya fi, amma kowa da abinda likitarsa zata zaɓa masa. Katin allurar shawara, wannan ruwan ɗorawar, shi ma a tabbata yana cikin fasfo.

Na roƙi likitata ta rubuta min takarda shafi ɗaya: sunan ciwon, abinda na sha, abinda nake sha yanzu da asalin sunan kowane magani ba sunan kamfani ba. Magunguna duka a jakar hannu cikin kwalinsu, da ƙarin na sati guda ko biyu, don akwati yana iya tafiya yawonsa ya barki. Masu shan maganin ciwo mai ƙarfi su kula sosai da inda zasu sauya jirgi, Masar da ƙasashen Larabawa basa wasa da tiramadol da kodin, ba a zuba su a farar leda a ce ai nawa ne.

Hanyar kanta doguwa ce ko ta ina aka bi, ta Alƙahira, ta Adis Ababa, ta Doha, kafin ki ga filin jirgin Malam Aminu Kano an ci kusan kwana guda. Na zaɓi tikitin da zaman jiran jirgi na biyu ya ɗan yi tsawo maimakon wanda za a ce ki sheƙa da gudu daga wannan ƙofa zuwa waccan. Kujerar bakin hanya, safa mai matse ƙafa saboda daskarewar jini, ruwa akai-akai, in tashi in taka duk bayan awa biyu ko da kuwa na kusa da ni na hararata. Sallah a zaune, ƙasaru, Allah ya riga ya sauƙaƙa wa matafiyi da mara lafiya, ban ga dalilin da zan tsaurara wa kaina ba.

Sai maganar keken guragu. Kyauta ne, tun wajen sayen tikiti ake nema, ba a tambayarki shaidar komai. Amma wallahi kunya ce ta kusa hana ni, mace da ƙafafunta biyu, da jan baki, a tura ki a wuce dattawa a layi. Abinda na lissafa shi ne tsayuwar layin bincike da layin fasfo da doguwar tafiyar cikin filin jirgi, in na yi su da ƙafata to kuɗinsu zan biya da kwana biyu a kwance a ɗakin Hajiya. Na hau abina. Wata dattijuwa 'yar ƙasarmu da aka turo kusa da ni ta dube ni sama da ƙasa tace “'yar nan juna biyu ne?” nace a'a Mama, ciwon gaɓoɓi ne, tace Allah sarki, Allah ya yaye, ta ɓalle jaka ta miƙo min dabino. Shikenan kunyar.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Jirgi baya jin haushi in kin yi barci. Inda aikin yake shi ne gida.

Ciwon nan baya nunawa a fuska. Ina sauka abinda na fara ji shi ne “kai masha Allah, kin yi kyau kin yi ƙiba, ina ciwon da ake ta faɗa?” Kuma ba da mugunta ake faɗa ba, murna ce. Gwaggo da na yiwa bayani ta riƙe haɓa tace “kaska? kaskar kare? Ita ce ta kwantar da ke a Amurka guda?” aka yi ta dariya, nima na yi. Daga nan kowa ya zama likita, wannan tace sanyi ne, waccan tace shawara ce bata fita ba, wata ta ja ni gefe tace yarinya ki tashi tsaye da addu'a wannan ba ciwon asibiti bane. Addu'a kam ina so, a ƙara min. Zuma ma na sha. Amma jiƙon da aka kawo min a jarkar fanta, baƙi wuluk, ba a san saiwar me da me aka haɗa ba, na karɓa hannu biyu na yi godiya sosai na ajiye. Hantar da ta sha magani wata guda kuma tana kan wani, ba zan gwada mata abinda mai haɗa shi ma bai auna ba. Ba sai an yi musu da babba ba, a karɓa a gode.

Abinda mutane basa ganewa, kuma ni ma sai a jikina na koya, shi ne gajiyar bata zuwa a lokacin da kike aikin. Kina cikin mutane kina ta hira kina jin kanki garau, sai washegari ko jibi ta zo ta danne ki, ki kasa ɗaga kofin shayi. Jikina ya zama tsohuwar waya, tana nuna caji 60 kina cikin magana ta mutu. Saboda haka ba yadda nake ji yanzu nake dubawa ba, abinda na riga na kashe tun safe nake lissafawa. Doka ɗaya na sa wa kaina, babban abu ɗaya a rana. In akwai kamu da yamma to da safe babu kasuwar Kwari, babu tela, babu “mu leƙa gidan Kawu minti biyar”, don babu ziyarar minti biyar a Kano, za a kawo ruwa, a kawo abinci, a ce sai Alhaji ya dawo masallaci kun gaisa.

Na iso kwanaki kafin a fara biki da gangan. A lokacin sanyi awa 6 ce tsakanin Boston da Kano, ƙarfe 3 na dare idona biyu, azahar kuma barci kamar an yi min duka. Kwanakin farko ban fita ko ƙofar gida ba sai dai in zauna a tsakar gida in sha hantsi, hasken safe yana taimakawa jiki ya gane inda yake. Kuma a nan ne na yi abinda ya fi komai amfani a tafiyar gaba ɗaya, na zauna da Hajiya mu biyu na faɗa mata gaskiyar yadda abin yake, ba a waya ba inda kullum nake cewa da sauƙi. Ta yi shiru, tace “to ai sai ki faɗa tun farko.” Daga ranar ita ta zama mai gadina. Baƙi su zo tace ta kwanta, likita ya hana a tashe ta. In ni na faɗa za a ce girman kan 'yan waje ne, in Hajiya ta faɗa magana ta ƙare. Jerin gidajen da ya wajaba in je ta rage shi da kanta, ta bar na tsofaffin da ba zasu iya zuwa ba da gidajen da aka yi rasuwa ban zo gaisuwa ba, sauran tace su zo su same ni ai biki ake.

Durƙuso ma sai da aka yi masa dabara. Gwiwar da ta taɓa kumbura bata son a kai ta ƙasa a tashi sau ashirin a yini. Sai in rusuna in riƙe hannun babba da hannu biyu in ce Baba a yi haƙuri gwiwa ce, ba wanda ya taɓa cewa komai sai sannu. Ina shiga ɗaki kuma in nemi kujera ko bakin gado tun kafin a shimfiɗa min darduma, don in na zauna a ƙasa tashi sai an kama ni.

Shagulgulan biki na zaɓa. Kamu na je, ranar ɗaurin aure ina gida cikin mata ana yini, kai amarya kuwa ko da rarrafe sai na je. Dina ce na yi wa rabi, na shiga aka yi hotuna da anko na ɗan yi liƙi na fito kafin a kawo abinci, saboda ƙarar sifika da fitilun nan masu walƙiya suna juya min kai fiye da tsayuwar ma. Takalmi mai tsini a hoto kawai ya fito, silifas na cikin jaka. Yaya Babba ya bar min mota da direba, wanda ya san yadda adaidaita sahu ke jijjiga mutum a kan titi mai ramuka zai gane wannan ba gata bane kawai. Amarya ta ɗan yi fushi da na tafi da wuri, washegari da ta ganni tsaye a kanta ana shirya ta ta huce.

Disamba ta yi min daɗi ta wani gefen, da a Afrilu ko Mayu aka sa bikin lokacin da zafin Kano ke haura 40 ban san yadda zan yi ba. Amma hunturu ma da nasa, sanyin asuba yana shiga gaɓoɓi, ƙura kuma ta busar da maƙogwaro. Ruwan ɗumi na alwala a fulas, safa, takunkumi in za a fita, man kaɗanya.

Ci da sha zan taƙaita don kowa ya sani, bin ne ba a yi. Ruwan gora mai hatimi, ban da ƙanƙara, ban da salak ɗin biki da aka yanka tun safe, ban da zoɓon da ban san ruwansa ba. Tuwo da miyar kuka da zafinsu, tsire daga kan wuta, waina, waɗannan na ci har na gode Allah. Gudawar kwana biyu da wani zai shanye ya wuce, mai farfaɗowa sai ta mayar da shi baya sosai, don haka ina da ƙunshin gishiri da sukari na kemis a jaka. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Zazzaɓi shi ne inda nake so a tsaya a ji ni da kyau. Wata rana da yamma jikina ya yi zafi, nan take gida ya kasu. 'Yan gida suka ce maleriya da taifod, a aika kemis a haɗo magani a kira mai sa ƙarin ruwa. Ni kuma zuciyata tace shikenan Laim ta dawo. Mai tsohon ciwo komai ya same shi sai ya ɗora wa tsohon ciwon, kuma ta haka ake zama da maleriya a gida har ta yi ƙarfi. Ragowar ciwon Laim gajiya ne da ciwon jiki, sabon zazzaɓi mai zafi a Kano maleriya ce har sai gwaji ya ce ba ita bace, ko kina shan rigakafi. Asibiti muka je aka ɗiga jini a ɗan katin gwajin nan, minti 15 zuwa 20 ya fito, babu, mura ce ta ƙura. Ban yarda an ɗora min maganin taifod a kan gwajin Widal kaɗai ba, gwajin nan yana yawan nuna akwai alhali babu. Takardar likitata ta yi amfani a nan, likitan ya karanta ya yi tambayoyi masu kyau duk da yace bai taɓa duba mai Laim ba. Wani abin da ya kamata wanda ya taso daga yankinmu na Amurka ya faɗa wa likitan gida shi ne, kaskar nan dai tana ɗauke da wata cutar, babesiya, wadda ke shiga jajayen ƙwayoyin jini, a madubin gwaji ma tana kama da maleriya, kuma maganinsu ba ɗaya bane. Gwajin jinin Laim kuwa kada ki ɓata kuɗinki kina maimaitawa don ki ga ko kin warke, yana iya ci gaba da nuna alama shekaru bayan ƙwayar ta mutu.

Bayan biki mun je ƙauye gaida dangin Baba, gidan da awaki da shanu ke kwana kusa da mutane. Laim ba ciwon ƙasar Hausa bane, amma kaskar gida ma ba ta Allah bace, akwai zazzaɓin cizon kaska na Afirka, akwai kuma na Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini wanda ake ɗauka daga kaskar dabbobi ko jinin dabbar da aka yanka. Kuma wanda ya taɓa yin Laim bashi da wani rigakafi, wata kaskar ta cije shi sai ya sake kamuwa, allurar rigakafin da aka taɓa yi a Amurka ma tun 2002 aka janye ta daga kasuwa. Tun kafin in taso na fesa wa gefen dogayen rigunana da safa da takalmi maganin da aka rubuta permethrin a jikinsa, a kaya ake fesawa ba a fata ba, a fata kuma mai DEET, wanda dama yana korar sauro. Abaya mai jan ƙasa tana rufe jiki amma tana sharar ciyawa, kaska kuma daga ƙasa take hawowa. Da dare in ɗauki fitilar waya in duba bayan gwiwa, hammata, cibiya, bayan kunne, ƙanwata ta duba min tsagar kitso ɗaya bayan ɗaya. In an ganta ba a sa mata kananzir ko ashana ko man shafawa yadda muka saba, hantsaki mai tsinin baki ake sawa a kama ta daf da fata a ja sama a hankali ba murɗawa, a wanke wurin da sabulu. A Amurka minti 10 a injin busar da kaya mai zafi yana kashe su, a gida kuwa shanya a igiya ba a kan ciyawa ba, sannan guga.

Wani abin ma da na gode Allah bai same ni ba, akwai wata kaskar a kudu maso gabashin Amurka mai farin ɗigo a baya, cizonta na sa jikin mutum ya daina karɓar naman dabbobi masu shayarwa, ya ci naman sa ko na rago bayan awa 2 zuwa 6 jiki ya fashe da ƙuraje, wani har numfashi ya sarƙe. Ki duba Bahaushe da wannan a ce ya zo gida Babbar Sallah.

Komawa ta fi zuwa wuya, don an riga an kashe ƙarfin. Akwatunan tsaraba, kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da yaji, ban ɗaga ko ɗaya ba, yara suka kai mota, masu ɗaukar kaya suka ƙarasa. Kilishin da Gwaggo ta ƙunso min a Kano na rabar, ba a shiga da nama Amurka, kuma bani da ƙarfin tsayuwar bayani gaban jami'an kwastan. Hutun aiki na riga na ɗauka da ragowar kwanaki a ƙarshe, ban yarda in sauka Lahadi in shiga aiki Litinin ba. Malarone na ƙarasa kwana bakwansa. Na kuma gaya wa maigida ko da wata uku ne nan gaba, in zazzaɓi ya kama ni asibiti zamu tafi a daren, kuma kalmar farko da zai faɗa musu a kanta ita ce ta dawo daga Najeriya, kafin ma ya ambaci Laim, don in suka fara ganin Laim a fayil ɗina can hankalinsu zai tafi.